Gurbin Amshi a Waƙar Inna Kiratsa

Inna Kiratsa maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. A ƙauyenmu na kan duwatsun Pindus, a ƙasar Girka, ita kaɗai ta rage da ta iya waƙar makoki da Vlahanci, yaren kakanninmu. In aka yi rasuwa ita ke bayarwa a bakin kabari, tsofaffin mata suna amshi. Mu da makaranta ta raine mu da Girkanci, namu kuka ne kawai.

Da zafi ya shigo sai masana su hawo da na'urorinsu na ɗaukar murya. Na Bukares, daga wata ƙasar, ya ce yarenta reshen nasu ne, na Atina, babban birnin ƙasarmu, ya ce atafau Bagirkiya ce, su yi ta musu a kan tabarmarta kamar masu rabon gado. Ita dai ta yanka musu burodi da cuku, ta ba su labarin yaƙi da na kiwon tumaki, amma waƙar makoki ko baiti ɗaya. Ta ce wanda ya rera ta babu gawa, gawa yake kira.

Masu amshin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, duk ita ta raka su. Daga nan abu ɗaya ya tsaya mata a rai: wa zai yi mata? A wajenmu a binne mutum ba waƙa, daidai yake da an yar da shi.

Sai ta kira Ruksandra, wata ɗalibar bincike da ta fi sauran haƙuri.

"'Yar nan, kunna abin naki. Yau akwai gawa, ga ta zaune a gabanki."

Ta rera tata waƙar da bakinta, ta sa yarinyar ta yi alkawarin kawo mata ita ranar jana'iza.

Ta rasu dusar ƙanƙara ta rufe hanya, Ruksandra ba ta da ta zuwa. Na kira ta a waya, ta kunna daga can, na ɗaga wayar a bakin kabari. Muryar Inna ta fito ras, ta ba da baiti ɗaya, sai shiru. Fadan cocinmu ya ce ai layi ya yanke.

"Bai yanke ba, Fada," in ji Ruksandra cikin kuka. "Gurbin amshi ne ta bar muku."

Muka kalli juna. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Inna ta ba da baiti, ta saurara, ta sake bayarwa, ta saurara. Har waƙar ta ƙare tana jiranmu.