Safa Mai Lema a Sanyin Greensboro

Salama gare ku. Masu cewa na ɓace, na ga saƙonku. Masu cewa na yi kuɗi na daina ɗaga waya, Allah ya amsa bakinku. Jinya na yi a kwance tun tsakiyar hunturu, ni da ko zaman kujera ke gundura ta.

Duk wanda ya san ni ya san kekena. Daga East Greensboro nake taka shi har wani gidan abinci a wajen Sedgefield, inda nake wanke-wanke. Mutanenmu 'yan zangon Ghana sun yi min tsiya har sun gaji: "Cale, abokina, Amirka ka zo ko Tamale garin kekuna?"

Ranar da abin ya faru an tashi da sanyin da ba a saba gani a nan ba. Na yi alwala a gida da niyyar in yi Asuba idan na isa, na zura safa ƙafar ba ta bushe ba. A Kumasi wa yake goge ƙafa bayan alwala? Silifas kake sawa, iska ta yi sauran aikin.

Kafin rabin hanya yatsun ƙafar dama suka fara zugi. Can sai suka yi shiru. Har murna na yi, wai sun saba. Na wuni a cikin takalmin ruwan wanke-wanke yana fantsamo min, da yamma na sake tako keken zuwa gida.

Da na cire safa, yatsun sun yi fari fat, sun yi tauri kamar naman firiza.

Matata Hawa ta ce, "Maigida, sanyi ne ya shige ka. Kawo in gasa maka."

Haka muka taso, duk ciwon sanyi gashi ne maganinsa. Ta dafa ruwa, ta ɗauko tsumma da man zafi, tana dannawa tana murzawa. Tana tambaya ta ko da zafi, ni kuma ina cewa ta ƙara, ban ji komai ba.

Gari na wayewa ƙafar ta yi bororo.

A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka ɗaura ƙarin ruwa. A nan na fara jin wai ina da suga, shi ya sa ƙafar ba ta ji da wuri. Likitar ta ce sanyi ya kashe naman, ruwan zafi ya ƙona abin da ya saura. Hawa ta toshe baki ta fita.

Ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi. Likitar ta ɗauki biro ta ja layi a inda baƙin ya tsaya. Ta ce, "Idan bai kai ga babban yatsa ba, za ka yi tafiya, za ka hau kekenka. Idan ya kai, sai mu sake magana."

Na ce, "Yaushe za a sani?"

Ta ce, "Sai mun jira."

Jiran nan shi ne ciwon. Aka sallamo ni da umarnin kar in taka. In kunna talabijin, in kashe. In ɗauki carbi, in rasa inda na tsaya. Takardar kuɗin asibiti ta zo, na buɗe, na rufe, ban ma ji tsoronta ba saboda tsorona yana wani wajen. Duk lokacin da nas ta zo kwance bandeji sai in kau da kai, in leƙo, in sake kau da kai. Wallahi na ji tsoro. Na yi wa Hawa tsawa a kan shayi, alhali ita ma ba barci take ba.

Rannan ta ce, "Da hannuna na ƙona ka."

Na ce, "Da bakina na ce ki ƙara."

Makonni suka shuɗe, baƙin bai tsallake layin ba. Aka cire biyun, aka bar min babban. Alhamdulillahi.

Yanzu ina takawa, da ɗan ɗingishi. Jiya na zaga layinmu a kan keke, Hawa na tsaye a ƙofa tana faɗa.

'Yan'uwa masu keke da masu jiran bas, ku goge ƙafa sosai bayan alwala, har tsakanin yatsu. Ku sa busasshiyar safa a jaka. Idan yatsa ya daina zugi ya yi shiru, ba sauƙi ba ne. Kar a gasa, kar a murza, kar a kanga a hita, a tafi asibiti. Ku kuma auna suga.

Na gode wa likitoci da nas-nas, da duk wanda ya aiko da tuwo ko addu'a. Hawa, Allah ya saka miki da Aljanna.

Godiya ta musamman ga Alhaji Sumaila, dattijon masallacinmu. Shi ya ce gaɓar musulmi ba ta shiga shara. Ya yi ta kai-kawo har aka ba shi yatsun, ya naɗe su a farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya binne.

Da ya dawo ya zauna bakin gadona ya ce, "Malam Yakubu, na yi musu addu'a."

Na zo ƙasar nan ne in ɗan yi aiki in koma gida gaba ɗayana. Ban yi kuka a asibiti ba. Ranar na yi.