Mai Ciwon Haya Ya Yi Na Gaske

Ku cinka mini wannan: wane ne ya yi shekaru yana ƙaryar ciwo ɗalibai na kama shi, ya yi ƙaryar lafiya mako ɗaya, likitar zuciya ta kasa ganewa?

Ranar Alhamis, goma ga Oktoba, Allah ya karɓi ran tsohona, abokin zamana, a Memphis. Har yau hannuna kofi biyu yake ɗaukowa da safe.

Lucius, tun da ka ajiye tuƙin bas ka samo aikin da ya fi dacewa da kai. Makarantar likitoci ta ɗauke ka ka riƙa kwanciya kana nishi, ɗalibai suna laluben cutar da aka ce ka kwaikwaya. Na ce, "Tsoho, rakin da nake sha kyauta shi ake saye?" Ka ce, "Odessa, baiwa ce."

A ƙirjinka jikarmu Renita ta fara sauraron zuciya. Ta gama jami'a, ta shiga likitanci, ta yi shekarun kwana a asibiti, ta ƙara wasu don ƙwarewa a zuciya. Nakan ce, "'Yar nan, sai kin yi furfura za su sallame ki?" Kai kuwa ka ce in bar ta.

Saura mako guda jarrabawarta ta ƙarshe a Chicago zuciyarka ta gaza, aka kwantar da kai a asibiti. Wani likita da ya koya a jikinka ya leƙo yana dariya: "Mista Tolliver, yau wace cuta aka ba ka?" Ka ce, "Yaro, wannan tawa ce."

Ka hana a gaya wa Renita, don ka san za ta rufe littafi ta hau jirgi. Kullum in ta kira sai ka tashi zaune, ka tattara numfashi: "Garau nake, likita. Kakarki ce ciwona." In ta ajiye waya, sai ka koma kamar tsumma. Ta rubuta jarrabawa Laraba, ka tafi Alhamis.

Renita, daina cewa kunnenki ya ci amanarki. Ba ki gaza ba, da gwani kika haɗu.

Allah ya jiƙanka, Lucius, ya hutar da kai hutun gaske. Ya ba 'ya'yanmu da ƙanwarka Vernell haƙuri, ya sanyaya zuciyar yarinyar nan.

Amsar kuwa Lucius Tolliver ne, mijina.