Malam Sabitu, Mai Rainon Kututture

Da an idar da sallar asuba, Malam Sabitu yakan saɓa addarsa ya nufi gonarsa ta kan tudu, bayan garin Katuzu. Kututture yake bi ɗaya bayan ɗaya, na gawo, na aduwa, na magarya. A kowanne sai ya zaɓi toho biyu masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki.

Gonar gado ce, amma ya same ta a mace. Iskar farkon damina takan binne gero da rairayi, sai an yi shuka sau uku. 'Yan'uwansa suka ce a bar ta a koma fadama. Ya ce ba zai bar wa yashi gonar da ta ciyar da mahaifinsa ba.

A wajenmu kuwa, gonar da aka share fes ita ce ta jarumi, mai barin itace rago ne. A shekara ta huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi lokacin sassabe, maƙwabta suka yi masa gayya. Saboda ƙauna suka sare komai, suka cinna wuta.

Mahfuz, jagoran gayyar, ya shigo da murna. "Malam, mun aske maka ita tas, ko tsinke babu!"

Mairam, matar Malam Sabitu, ta ce da ya ji haka sai ya ce, "Allah ya saka da alheri. Kun tone saiwar?"

"Haba Malam, wa ke da wannan ƙarfin?"

"To, alhamdulillahi. Mairam, dama musu fura."

Da yake saiwar tana da rai, kututturen suka sake toho; yana warkewa ya koma, ya soma daga farko.

Yau gawo ya haura sittin a gonar. Ganyensa yana zuba ya zama taki, awaki suna cin 'ya'yansa da rani, shuka kuma sau ɗaya ake yi ta tsaya. Mahfuz kansa yanzu ba ya yarda kowa ya shiga gonarsa da gatari.

Malam Sabitu, kai ne ka sha sunan rago ba ka tanka ba. Uban gawo, mun gode. Gwiwa ta fara yi maka gardama, Allah ya ƙara lafiya.

Manoman Gashua da Nguru, sassabe yana tafe. Ku bar toho ko goma ne a kowace gona, ku daure wa dariyar shekara uku.