Abin da Ke Cikin Zabirar Baba Illa

Kullum kafin in hura wutar awara, Baba Illa wanzami ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin dogon yaron bakin tashar Matameye. Zai rataye zabira, jakar fatar nan ta kayan aikinsa, a jikin ƙusar da ya kafa tun ban zo duniya ba. Ya fito da aska uku, ya wasa a dutse, ya goga a fata, ya gwada a hannunsa na hagu. Hannun nan ba gashi ko ɗaya, shekara kusan hamsin ana gwaji a kansa. Daga nan sai ya zauna ya jira kai.

Watan nan ya ce ya ajiye. Hannu ya fara rawa. Ba wanda ya yi masa taro. A garin nan an taɓa yi wa mutum walima da kujerun haya da lasifika don ya dawo daga taron kwana uku a Yamai. Baba Illa kuwa tabarmarsa ya naɗe ya tafi gida. To ni zan rubuta. Ban yi lakwal ba, wato boko, a takardun naɗe awara na koyi karatu, saboda haka mai neman Faransanci ya wuce gaba. Kuma ni ya kamata in rubuta, don ina cikin waɗanda suka ɓata mutumin nan.

A wurinmu gida yana gadon wanzaminsa kamar yadda yake gadon gona. Uban Baba Illa shi ke aske gidan su Onorabul Munkaila, depiten da muka zaɓa, wato ɗan majalisarmu, kuma kan Munkaila shi ne kan jariri na farko da Baba Illa ya taɓa ɗora wa aska. Ba zan ce Onorabul waliyyi ba ne. Famfon da ya yi wa unguwarmu alkawari har yau a bakinsa yake. Amma mu muka tsaya a layi cikin rana muka dangwala masa, ba wani ya ɗora mana shi ba.

Da sojoji suka karɓi mulki suka rufe majalisa, sai ya dawo gida. Wata Alhamis da safe Baba Illa yana masa aski a zaure, da mutane kamar shida, Onorabul ya ce kujerar da jama'a suka ba shi jama'a ce kaɗai za ta karɓe. Kafin azahar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Suka tafi da shi gidan kaso, tafiyar awa biyu daga nan. Har yau bai ga alƙali ba.

Sai gari ya koyi shiru. Zannuwan parti masu hotonsa suka koma tsumman tukunya. Kamarad Mansur, sakataren parti, wanda da ba ya iya gaisuwa sai ya saka "demokarasi" sau biyu, ya wayi gari shugaban kwamitin goyon bayan sababbin masu mulki. Tabarau ɗin ma bai canza ba. Kowa tambaya ɗaya yake yi a ransa: a cikin mutanen zauren nan, wa ya kai maganar?

Alhamis ta zagayo, sai ga Baba Illa da zabira a kafaɗa ya shiga motar safe. Da la'asar Sani direba ya zo sayen awara.

"Ladi, kin san inda na ga tsohon nan? Ƙofar kaso. Shef, babban masu tsaro, a zaune a kujera, tsoho yana kansa da sabulu."

"Kai dai Sani."

"Wallahi. Ya gama da shi, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, sannan suka buɗe masa ya shige. Alhaji Tanko fa, wan Onorabul uwa ɗaya uba ɗaya, ya je an koro shi, wai ba takarda. Wanzami wace takarda gare shi?"

Kafin magariba gari ya gama shari'a. Yana cikin zauren ranar da aka yi maganar, yanzu kuma ƙofar da ta ƙi ɗan'uwa ta buɗe masa. Me ya rage?

Daga nan in ya yi sallama a majalisar hira sai hira ta koma kan damina. Tabarmarsa ta bushe. Dattawan da ya shekara talatin yana riƙe da kansu suka koma shagon samari mai injin aski, inda in wuta ta ɗauke mutum ya fito da rabin kai. Na ga Alhaji guda da rawani a tsakiyar bazara saboda haka. Ya gwammace.

Ni dai ba na iya riƙe abu, na tare shi.

"Baba, wai me kake zuwa yi can?"

"Aski."

"Shi ke nan?"

"Gashi bai san an yi juyin mulki ba, Ladi. Fitowa yake."

Ban yarda ba. Amsar ta yi mini kyau da yawa.

Ana haka Fadila, matar Onorabul, maƙwabciyarmu, ta haihu ranar Asabar. Mace. Cikin yana wata huɗu aka tafi da uban. Suna kuma uba ke zaɓa. Baba Illa ya je Alhamis ɗinsa ya dawo bai ce wa kowa komai ba, sai ranar suna da sassafe ya matsa ya raɗa wa liman sunan a kunne. Sunan gidan nan da har titi yake toshewa, ranar tabarma biyu ba ta cika ba. Kamarad Mansur ya aiko a ce yana mura.

Alhaji Tanko ya ɗaga hannu. "Tsaya, Malam. Mu yaya za mu san daga bakin ƙanena sunan nan ya fito? Ko su suka ba shi ya kawo?"

Wato sojoji sun bar aikin ƙasa sun zauna zaɓa wa jarirai suna. Amma ba wanda ya yi dariya, ni ma a lokacin na ga tambayar ta yi ma'ana.

Baba Illa ya ce, "Alhaji, a tambayi mai jego. Ya ce sun yi maganar su biyu kafin a tafi da shi."

Ni aka tura ciki. Fadila ta daɗe tana kallon jaririyar sannan ta ce, "Ya ce in mace ce, Sakina." Na fito na faɗa. Liman ya gyaɗa kai ya ce shi ne, a shafa Fatiha.

Da a nan abin ya tsaya, da tsoho ya fita. Sai aka zo aski, ni ke riƙe da ƙwaryar ruwa. Kowa ya san gashin suna ba abin wasa ba ne. Tsofaffin gida ke tattara shi tas, su binne inda ba wanda ya sani, don kada ya faɗa hannun mugu a yi wa yaro asiri. Baba Illa ya fi kowa sanin haka. Amma da idona na ga ya danne ɗan kaɗan da babban yatsa, ya naɗe a guntun takarda, ya zura a zabira, fuskarsa kamar ba abin da ya faru.

Mutum ɗaya na gaya wa. Kafin a gama rabon naman rago, labari ya kai Icirnawa: wanzami ya saci gashin ɗiyar depite zai kai wa bokan masu kaki, a gama da gidan gaba ɗaya. Fadila ta kwana uku ba ta ajiye yarinyar ba. Alhamis da ya shiga mota, aka bar masa layin kujera shi kaɗai, a motar da ake cusa mutum biyar a mazaunin uku. Gida biyu da aka haihu a watan suka ɗauko wanzami daga Yauri, nan kusa da mu. Wanda ya san sana'ar ya san ba abin da ya kai wannan ciwo: gidan da ubanka ya aske, a kira baƙo kana raye. Baba Illa ya san ni ce na fitar da maganar. Kullum da safe sai ya ce, "Ladi, an tashi lafiya?" Gaisuwar ma zarginta nake.

Fadila ta yi arba'in, ta yi ta zirga-zirga har aka ba ta takardar ziyara. Ni na raka ta ina goye da Sakina, don ba wanda ya yarda ya je. Ranar Alhamis ce. A ƙofa muka tarar da Baba Illa yana kan shef, kumfa har kunne.

"Tsoho, me ake cewa a Matameye? Su wa ke shiga gidan mutumin naka?"

"Gero ya yi tsada, shef."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Kada ka motsa, ranka ya daɗe. Ina wajen maƙogwaro."

Shef ya bar tambayar. Wani mai tsaro ya ce mana haka suke yi kowane mako, har sun daina sa rai.

A ciki muka ga Onorabul. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma kansa tas yake kamar mai zuwa Idi. Ya karɓi yarinyar, ya ce, "Ai mun san juna." Ya cire hularsa, ya zaro guntun takarda daga ninkinta, ya buɗe. Gashin ne, baƙi, laushi, bai kai cikin cokali ba.

"Wasiƙa ba ta shiga," in ji shi. "Hoto a ƙofa suke karɓewa. Na ce Baba, ka kawo mini wani abu nata in riƙe, ko mene ne. Ya ce a jakar wanzami abu ɗaya ne ba wanda zai tsaya bincikensa."

Fadila ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye idona.

A mota na zauna kusa da Baba Illa, wuri ai akwai.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? An fa gama da kai a gari."

"Da na faɗa miki da safe, da azahar shef ya ji. Daga nan sai a fara zazzage zabira, ko a hana ni shiga. Wa zai aske shi?" Ya gyara zabirar a cinyarsa. "Mai jego dai na ba ta tsoro. Na roƙe ta gafara ɗazu."

Baba Illa, kai ne aka zaga ka yi shiru don kada a rufe maka ƙofa. Kai ne ka riƙe kan waɗanda suka kulle yaron gidanku, da aska a hannunka, mako bayan mako, ba ka ƙwarzane kowa ba kuma ba ka ba su sunan kowa ba. Mai hannun sanyi, ɗan gado. Ba ka taɓa halartar taron parti ba, ban ma tabbata ka san sunan partin ba. Waɗanda suka rantse a lasifika za su mutu tare da Onorabul suna nan da ransu, sun yi ƙiba.

Sakina tana tafiya yanzu, ubanta yana ciki. Shef an canza shi tuntuni, shi ya sa na iya rubuta wannan, kuma sai da na tambayi Baba. Ya ce in rubuta, ai dama ba na iya shiru. Har yau ba mu san wanda ya kai maganar zauren ba. Muna nan muna kallon juna a wajen biki da jana'iza, kowa da wanda yake zargi. Wasu sun dawo tabarmar Baba a kunyace kafin ya naɗe ta. Da yawa ba su dawo ba, don in sun dawo sun amsa laifi ke nan.

Ni na amsa nawa. Baba, ka yafe mini. Na gode, Fadila ta gode, Allah Ya ba hannun nan lafiya.

Ya ajiye aska, amma kai ɗaya ya rage masa. Onorabul ya ce ko yanka shi zai yi, ya zo. Masu ƙofa sun ga rawar hannun, sun daina ba shi kansu, sai dai su buɗe masa kawai. Saboda haka duk Alhamis yana nan da zabirarsa.

Ku da kuka dangwala wa mutumin nan, ku da kuka ci tuwon gidansa, ba a ce ku yi jawabi ba. Takardar ziyara tana da wahala amma ana samu, Fadila ta san hanya. Motar tana tashi ƙarfe bakwai, kuma har yanzu akwai wuri kusa da Baba Illa. Ni ina bakin tasha da kaskona. Zan ga wanda ya zo, kuma kun san ni, zan faɗa.