Yaya Mamman ya ɗauki gwamnati fatoma

Shekara huɗu ke nan da muka kai Yaya Mamman makwancinsa a Fakku, amma har yau in na bi ta kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwar Tambuwal sai ya faɗo mini a rai.

Fatoma ne, mai sauke baƙin da suka kawo shanu, ya tsaya musu wajen ciniki. In saniyar baƙonsa ta fito ta sata, shi ake kamawa, kuma bai taɓa gardama ba. Da wannan mudun yake auna kowa.

A shekarar da 'yan bindiga masu tsallako iyaka suka fara ratso daji har ƙasar Kebbe, mun kwaso shanun gidanmu daga Fakku mun tsugunar da su bayan garin Tambuwal, inda rashin ciyawa ya sa suka yi ta ramewa. Sai rediyo ta ce gwamnatin maƙwabtanmu ta yi alkawarin haɗa hannu da tamu, za ta tare su tun daga dajinta. Yaya Mamman ya ce zai mayar da shanun Fakku, na ce ya dakata mu gani. Ya yi mini dariya.

"Kai dai ɗan boko tsoro gare ka. Tunda mai masauki ya ce ya ɗauki nauyin baƙinai, mi ya rage?"

Ya kora shanu ya koma. Kafin gero ya fid da kai 'yan bindigar suka tare shi a mashaya suka kashe shi.

Tun daga nan gwamnatocin biyu sun ɓata, sun shirya, sun sake ɗaukar hoto suna musabaha. Nakan tambayi kaina me zai ce yau. Wataƙila ya gane cewa alkawari kaya ne ga wanda za a iya kamawa kaɗai. Fatoma yana da ƙofar gida da kowa ya sani. Wa zai je ya riƙe rigar gwamnatin wata ƙasa?

Shanun sun tafi, abin da ya rage shi ne yardarsa da mutane, kuma babban ɗansa Sani ya gaje ta kaf. Ina sonta a jikinsa, ina kuma tsoronta. Makon jiya ya zo mini da zancen mayar da 'yan karsanan da suka saura zuwa Fakku, wai an sabunta alkawari. Na hana.

Ya ce, "Baffa, da Baba na nan da ya yarda."

Na ce, "Na sani, Sani. Yardar nan tasa ce ta sa yau wurina ka zo, ba wurinai ba."

Allah Ya jiƙan Yaya Mamman.