Shekarar da Shamuwa Ta Riga Babana Isowa

Wata Laraba ce a farkon daminar 1996, ina tsakar gida ina tankaɗen garin dawa, sai Baffa Sale, ƙanen babana, ya shigo da takalmi a ƙafa har gaban tabarmar Kaka. Bai taɓa yin haka ba. Ya durƙusa ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. Babana ya rasu a Fatakwal bayan wani zazzaɓi da bai gaya wa kowa ba, har an yi masa sutura a can. Iya, matar Kaka, ta ajiye ludayin da ke hannunta ta shige ɗaki ta saki labule. Kaka ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, sannan ya ɗaga kai wajen maɗacin ƙofar gida.

A hannun Kaka da Iya na tashi tun daga yaye, a gidanmu na Kwamba, lokacin da akwai fili da gonaki tsakanin gida da gida. Kaka ya yi aikin gandun daji har ƙarfinsa ya ƙare, amma dajin bai fita daga ransa ba. In na dawo daga makaranta na yi wanke-wanke, 'yan'uwana mata su tafi gaɗa da carafke, ni kuwa in ɗauki gorar ruwansa mu bi hanyar Chaza zuwa gona. Muna tafe yana taɓa bawon itace yana faɗa mini sunansa, mu tsinci kaɗe, in cika bakin zanena da ɗorawa. In tsuntsu ya yi kuka sai ya tsaya cak ya ce, "Wa ke magana?" In na kuskure ya ja mini kunne a hankali. Yakan ce, "Wanda bai san sunan itacen ƙofar gidansa ba, baƙo ne."

Da idonsa ya yi rauni, rubutun wasiƙa ya dawo hannuna. Babana ɗan fari ne, saboda haka Kaka bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin Fatakwal". Kunyar nan ta bi shi har cikin takarda. Bayan gaisuwa ba ya tambayar yaya kake, sai labarin marai sun cika giginya da sheƙa, ko hazbiya ta yi ƙwai a rumbu, ko an sare ƙiryar bakin rafi za a yi ginin haya. Babana ma haka yake amsawa. Ya ba da labarin tsuntsayen bakin teku da yake gani a wajen aikinsa, Kaka ya sa in tambayi launin baki da tsawon ƙafa. Sau ɗaya ya saka farin gashin tsuntsu a ambulan, Kaka ya yini yana shafa shi da yatsa. Amma shekaru suka yi ta wucewa, hutu bai samu ba, bai zo gida ba.

A bazarar shekarar da Babana ya rasu na gaji na ce, "Kaka, ka ce masa ya zo mana. Kullum tsuntsu, kullum tsuntsu."

Ya ce, "Ke amarya, bakinki ya fi na aku. Ni in kira ɗan fari? A ji a gari a ce tsoho ya zubar da girma?"

Na ce, "To ni in rubuta da kaina."

"Ki rubuta in sake ki, in auro wata daga Garam."

Muka yi dariya. Can ya nisa ya ce, "Rubuta. Shamuwa ta kusa. Ita ba a aika mata, ta san lokacin gida." Da na gama ya ƙara da cewa, wannan ba na takarda ba ne, in ta sauka mutumin bai zo ba, sai mu faɗa masa a fili. Amsar Babana ta zo, yana tambaya ko za ta koma reshen da ta saba. Ko ya gane, ko bai gane ba, har yau ban sani ba.

Ana cikin zaman makoki shamuwa ta sauka a kan maɗacin. Masu ta'aziyya suna yaba haƙurin Kaka, don ba wanda ya ga hawayensa. Bayan an watse, wata safiya ya ce in ɗauko takarda da biro. Na zauna inda na saba zama. Ya ce, "Bayan gaisuwa. Shamuwa ta sauka, a reshen bara." Na rubuta, na jira. Leɓensa ya motsa, na ɗauka sunan ne zai fito. Sai ya ce, "Ajiye, amarya. Sai an jima."

Bai sake ce mini in ɗauko ta ba har Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu inda maɗacin yake shaguna ne, gidan ya koma ɗakunan haya na masu sammakon zuwa aiki Abuja, kuma ƙarar keke mai ƙafa uku ta danne kukan kowane tsuntsu. Maigidana yana kiran ɗanmu na fari da sunansa a waya, ya ce masa ya zo gida, ba ya jin komai. Nakan tsaya in saurara.

Takardar tana ƙasan akwatina. Layi biyu ne, ba mu ƙarasa ba.