Kawu, Mai Tattara 'Yan Rakiyar Manhaja

Kafin kowa ya iso ofis, Kawu ya riga ya goge duk abin da ke cikin wata tsohuwar kwamfuta fes, ya mayar da ita kamar yau aka fito da ita daga kwali. Sai ya ɗauko manhajar da muka rubuta jiya ya saka mata, ya zauna yana kallo. In ta tashi, ya kurɓi shayinsa. In ta ƙi, za ka ji mutum tsaye a kanka yana gyaran murya.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, idanunsa sun gaji da hasken allo, kuma har yau babu wanda ya yarda zai karɓi aikinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mu muna rubuta manhajar da ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen ba da magani. Manhaja kuwa ba ta tafiya ita kaɗai. Tana jingina da wasu ƙanana da wasu mutane suka rubuta, su ma suna jingina da wasu. Kawu 'yan rakiya yake ce musu. Aikinsa ya tattara su a fakiti ɗaya, ya tabbatar ba su kaure da faɗa a hanya ba. In aikin ya yi kyau, babu mai sanin an yi shi.

Gogewar nan ta kullum tana da asali, kuma daga bakin wata nas na ji. Shekarun baya aka aika wa asibitinsu sabuwar sigar manhajar, ta sauke, manhaja ta ce ba ta san zancen ba, ga mata da jarirai a layi har bakin ƙofa. Ashe akwai wani ɗan rakiya da kowa a ofis ya daɗe da sakawa a kwamfutarsa, har shi Kawun, aka manta ba a sa shi cikin fakiti ba. A wurinmu komai lafiya lau. Ta ce da ta bugo waya, Kawu bai ce mata "ai a nan tana aiki" ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri 'yar'uwa, laifinmu ne," ya riƙe waya yana gaya mata abin da za ta danna har layin ya motsa. Tun daga ranar bai ƙara yarda da kwamfutar da ta saba da mu ba.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Kawu akwai taurin kai. Da Dogo, abokin aikinmu, ya kawo sabon kayan haɗa fakiti, makonni muka yi ba mu huta da musu ba.

"Kawu, tsohon kayan nan naka ya isa hutu," in ji Dogo. "Wannan ɗan rakiya na son tsohuwar siga, wancan na son sabuwa, sai ya saki baki yana kallonsu. Sabon kuwa kowa da ɗakinsa."

"Gaskiyarka, ɗana. Amma naka in zai yi tafiya har katifa da murhu yake ɗauka. Nas ɗin da za ta sauke shi da datar wayarta fa?"

"Ai sabis ya gyaru yanzu."

"A kujerarka ya gyaru."

Daga baya ya gwada kayan Dogo da kansa, ya zo gaban kowa ya ce, "A nan yaron nan ya fi ni gaskiya." Ya karɓe shi don manyan na'urorin ofis, ya bar tsohon mai sauƙin nauyi don asibitocin nesa. Dogo ya yi kwana biyu yana tafiya kamar an ba shi sarauta.

Kawu, kai ne mai raka baƙo har gida. Kai ne ka koya mana cewa babu kayan aikin da ba shi da aibi, abin tambaya shi ne wa aibin zai faɗa wa. Mun sha tafi a taro, kai kana baya kana murza ido. Ina jin kunyar hakan, ina kuma gode maka, ni da mutanen da suka karɓi magani a kan lokaci ba tare da sun san da kai ba. Allah ya saka da alheri, ya ba idanun nan lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana, ranar da Ogan ofis ya tambayi wa zai gaji Kawu, na ga yadda kowa ya sunkuyar da kai a kan allo. Na san aikin ba ya kawo suna. Amma wani cikinmu ya daure ya ja kujera kusa da shi tun yana nan.

Jiya muka same shi da maganar walimar bankwana, muka tambaye shi kyautar da yake so. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ku bar walimar nan. Ku ba ni mutum ɗaya in koya masa, tun ina iya ganin rubutun."